Zhu Bajie, Aladen Littafin Tafiya Zuwa Yamma: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin birin nan na ƙasar Sin mai sandar ƙarfe, ya ga wani ƙato mai tumbi yana biye da shi, ga dogon baki ga faka-fakan kunnuwa, yana saɓe da manjagara yana mitar yunwa. Mutane kan riƙe labarin birin, su ɗauki wannan ƙato a matsayin ɗan rakiya mai ba da dariya kawai. Ni kuwa a ganina ya wuce haka nesa. Ga tambayoyin da masu kallo da sababbin masu karatu suka fi maimaitawa a kansa.

Wane ne Zhu Bajie?

Ɗaya ne daga almajirai uku da suka raka wani malamin addinin Buddha mai suna Tang Sanzang daga ƙasar Sin zuwa Indiya domin ɗauko littattafan addini, a ƙagaggen labarin da Sinawa ke kira Xiyouji, wato Tafiya Zuwa Yamma. Babban almajiri shi ne biri Sun Wukong, Bajie ne na biyu, na uku kuma Sha Wujing, tsohon dodon wani kogi. Akwai kuma farin dokin da malamin ke hawa, wanda asalinsa ɗan sarkin dodannin teku ne.

Jikinsa na mutum ne, kansa na alade. Yana da ƙarfin tsiya, amma ci da barci da son mata sun yi masa katutu, ga shi da ƙaryar da ko yaro zai gano. Ana furta sunan kusa da "Ju Ba-jiye".

Wa ya rubuta littafin, kuma yaushe?

Bugu mafi tsufa da ya rage mai babi 100 an yi shi ne a birnin Nanjing a shekarar 1592, zamanin daular Ming, kuma bai zo da sunan marubuci ba. Daga baya aka jingina shi ga Wu Cheng'en, mutumin Huai'an da ya rasu wajajen 1582, kodayake har yau masana na muhawara a kan haka. Sinawa na lissafa shi cikin manyan ƙagaggun labarai huɗu na adabinsu na da.

Tushen labarin kuwa gaskiya ne. Wani malami mai suna Xuanzang ya bar birnin Chang'an wajajen 629, ya ratsa hamada da duwatsu, ya yi karatu a makarantar Nalanda ta Indiya, ya dawo a 645 da littattafai 657. Daga nan masu ba da labari a kasuwanni da masu wasan kwaikwayo suka yi ta ƙara wa miyar gishiri har kusan shekara 950, sai tafiyar ta koma ta shekara 14 mai ɗauke da masifu 81, kusan kowane dutse da dodonsa.

Tun farkon labarin akwai aladen a ciki?

A'a, shi ne ya zo a makare. Wani tsohon rubutu na zamanin daular Song yana da birin, yana da aljanin yashi wanda daga baya ya zama Sha Wujing, amma babu alade. Ya bayyana sosai a wani wasan kwaikwayo da ake jingina wa Yang Jingxian, wajajen ƙarni na 14, inda yake dodo mai sace budurwa, yana kuma cewa shi direban keken Marici ne, wata abar bauta ta mabiya Buddha da ake zana ta da aladu suna jan kekenta. Littafin 1592 ne ya ɗauki wannan dodo ya sa masa halin mutum, ya ba shi baki da tumbi da gidan surukai.

Yaya aka yi ya zama alade?

A yadda labarin ya zo, shi babban hafsa ne a fadar Sarkin Sama, mai muƙamin Tianpeng, yana jagorantar mayaƙan ruwa 80,000 a Kogin Sama, wato farin zirin taurarin nan da ake gani da dare. A wata walima ya sha giya ya yi tatul, ya kutsa fadar wata ya nemi Chang'e, kyakkyawar abar bautar da ke zaune a can, da lalata. Hukuncin kisa ya hau kansa, sai wani dattijon fada, Taibai Jinxing, ya roƙa masa sassauci. Aka yi masa bugu 2,000 da guduma aka koro shi duniya.

Wajen saukowa ya ɓata hanya, maimakon cikin mace 'yar Adam sai ya faɗa cikin macen alade. Da aka haife shi ya kashe uwar da sauran 'ya'yanta, ya tare a kogon Yunzhan da ke dutsen Fuling yana tare matafiya yana cinyewa. A babi na 8 Guanyin, wadda mabiya Buddha a Sin ke ɗauka uwar jinƙai, ta same shi ta ce ya tuba ya jira malamin da zai wuce. Amsar da ya fara ba ta tana cikin maganganun da aka fi tunawa a littafin: in ka bi dokar hukuma duka ya kashe ka, in ka bi dokar Buddha yunwa ta kashe ka. Duk da haka ya amince.

Me ya sa yake da sunaye barkatai?

Kowane suna da zamaninsa. Tianpeng muƙaminsa ne na sama, kuma suna ne na wani abin bauta da mabiya addinin Dao suka sani tun kafin littafin. Zhu Ganglie, wato alade mai taurin gashi, shi ne sunan da yake amsawa lokacin da yake dodo. Guanyin ta sa masa Wuneng, wanda ya farka ya gane ikonsa. Kalmar Zhu ita kanta ma'anarta alade.

Bajie kuwa malaminsa ne ya raɗa masa, ma'anarsa hani takwas. Tun da ya tuba ya daina cin kayan miya biyar masu kaifin wari irin su tafarnuwa da albasa, da nama iri uku da mabiya Dao ke ƙyama, cikinsu har da na kare da na dinya. Ranar da ya haɗu da malamin sai ya nemi izinin karya wannan ƙa'ida tunda jira ya ƙare. Malamin ya ce sam, ya haɗa biyar da uku ya mayar masa da su suna, don duk sanda aka kira shi ya tuna. Sunan ya kuma dace da wasu dokoki takwas na mabiya Buddha, waɗanda suka hana kisa, sata, ƙarya, giya da cin abinci bayan tsakar rana. Shi dai yakan kira kansa Tsohon Alade, birin kuma ya fi kiransa wawa.

Mene ne labarin aurensa a ƙauyen Gao?

Babi na 18 da na 19 ne, kuma a nan ya shiga tawagar. Tsoho Gao yana da 'ya'ya mata uku babu namiji, yana neman surukin da zai zauna a gidan ya riƙe gona. Sai ga wani baƙin ƙato ya zo, aka ba shi autar, Cuilan. Ya yi noma ba shanu, ya yi girbi ba lauje, dukiyar gidan ta bunƙasa. Sannu a hankali sai kamanninsa na gaskiya suka fito. Ga ci kuma: waina fiye da ɗari yake karya kumallo da ita. Abin kunyar ya ishi tsohon, musamman da surukin ya kulle yarinyar a ɗakin bayan gida wata shida iyayenta ba sa ganinta.

Da matafiyan suka sauka a gidan, Wukong ya fitar da yarinyar ya rikiɗa ya zama ita, ya zauna yana jan surukin da hira har ya faɗi sunansa da kogonsa. Suka kwana suna fafatawa. Amma da Bajie ya ji cewa birin yana rakiyar malamin da Guanyin ta ce ya jira, nan take ya yar da manjagara, ya cinna wa kogonsa wuta. Wajen sallama ya ce wa tsoho Gao ya kula masa da iyalinsa, in tafiyar ba ta yi kyau ba zai dawo. Wannan magana ta bi shi har ƙarshe, kamar yadda za a gani a amsar da ke kan ragwancinsa.

Wane irin makami ne da shi, kuma ya kai birin ƙarfi?

Manjagara ce mai haƙori tara, wadda Laozi, jigon addinin Dao, ya ƙera da kansa a sama. Nauyinta jin 5,048, kusan tan uku ke nan, daidai da adadin littattafan da suka ɗauko a ƙarshe. Sandar birin kuwa jin 13,500 ce. Bajie na iya rikiɗa iri 36, birin 72, kuma rikiɗar Bajie ta fi kyau a manyan abubuwa irin dutse ko giwa. In aka ce ya zama ƙaramar yarinya, tumbin kan ƙi shigewa.

A tudu bai kai birin ba. A ruwa kuwa shi ne gwani, tunda can ya yi hafsa. Shi ya shiga Kogin Yashi ya gwabza da Sha Wujing a babi na 22, kuma duk lokacin da dodo ya nutse, shi da Sha ake turawa.

Da gaske rago ne kamar yadda ake faɗa?

Rago ne a baki, amma a duba kafaɗarsa. A littafin shi ne ke ɗaukar kayan tafiya a yawancin hanyar, rataye a sanda kamar ɗan ga-ruwa. Yana tafe yana ƙorafin nauyi, yana lissafa tabarmi da igiyoyi, amma kayan ba su taɓa kwana a hanya ba. A babi na 64 suka iske tsaunin sarƙaƙiya mai nisan li 800 (li ma'aunin nisa ne na Sinawa), ya ƙara wa jikinsa girma ya yi ta share ƙaya da manjagara dare da rana. A babi na 67 wata hanya ta toshe da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace dangin kanya da suka taru shekara da shekaru, wari ya fi na masai. Birin bai taɓa ba. Bajie ne ya zama ƙaton alade ya yi ta ture ƙazantar da hanci har hanya ta buɗe, mutanen ƙauye na biye da shi da abinci.

Yana kuma da ilimin talaka wanda sauran ba su da shi. Da za su ƙetare kogin da ya daskare a babi na 48, shi ya ce a naɗe kofaton doki da ciyawa kada ya zame, kowa kuma ya riƙe sandarsa a gicciye, ko ƙanƙara ta fashe sandar ta tare shi.

Inda ragwancin yake na gaske shi ne a zuciya. Da zarar dodo ya kama malam, kalmar farko da ke fita bakinsa ita ce a raba kaya, a sayar da doki, Sha ya koma koginsa shi kuma ya koma wajen matarsa. Ya faɗi haka ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Abin da ke taɓa ni shi ne bai taɓa tafiyar ba. Shekara 14 yana ambaton ƙauyen Gao, ƙafafunsa kuma na fuskantar yamma.

Waɗanne labaransa ne suka fi ba da dariya?

Na fi son na babi na 32. An aike shi leƙen asirin wani dutse, sai ya sami ciyawa mai laushi ya miƙe. Birin ya zama maƙwaƙwafi ya sare shi a leɓe. Da barci ya gagara, sai ya sami duwatsu uku ya jera su a matsayin malam da birin da Sha, ya gaishe su, ya shiga gwajin ƙaryar da zai shara: sunan dutsen Dutsen Duwatsu, kogon kuma Kogon Duwatsu, ƙofarsa ta ƙarfe. Ashe birin ya zama ɗan ƙwaro yana manne a bayan kunnensa. Kafin ya iso an riga an karanta wa malam ƙaryar kalma da kalma.

A babi na 23 Guanyin da wasu manya uku suka zama wata bazawara mai dukiya da 'ya'yanta mata uku don su gwada matafiyan. Kowa ya kau da kai sai Bajie, wanda ya zaga ta ƙofar baya da sunan kiwon doki. Aka rufe masa ido aka ce wadda ya kama tasa ce, ya yi ta karo da ginshiƙai, har ya ce to uwar ma ta isa. Gari ya waye babu gida babu dalilinsa, shi kuma yana reto a kan bishiya ɗaure tamau. A babi na 53 kuma shi da malam suka sha ruwan wani kogi a ƙasar da babu maza, sai ga su da juna biyu, yana kuka yana tambaya ta ina ɗan zai fito.

Sai na babi na 76, wanda dariyarsa ke haɗe da tausayi. Dodanni sun ɗaure shi sun jiƙa a tafki, birin ya sauya murya ya ce shi manzon lahira ne ya zo ɗaukar ransa, sai dai in akwai ɗan na goro. A nan asiri ya tonu: yana da 'yar azurfa da ba ta kai giram 20 ba ɓoye a kunnen hagu, wadda ya tara daga sadakar hanya, har maƙerin da ya narka masa ita ya ƙware shi.

Me ke tsakaninsa da birin, ƙiyayya ce?

Zaman wa da ƙane ne mai kama da na abokan wasa. Bajie na kiransa Yaya, birin na jan kunnensa yana tura shi gaba a duk inda ake zaton tarko. Sau ɗaya abin ya wuce wasa. A babi na 27 wata aljana mai siffar ƙwarangwal ta zo sau uku, a budurwa da tsohuwa da tsoho, birin yana gane ta yana kashewa. Bajie, wanda haushin abincin da budurwar ta kawo bai sake shi ba, ya zuga malam cewa mutane na gaske ake kashewa. Malam ya kori birin.

Ba a jima ba wani dodo ya mayar da malam damisa. Farin doki ya riƙe rigar Bajie da haƙori yana roƙonsa, ya tafi har Dutsen Furanni da 'Ya'yan Itace ya durƙusa. Da lallashi ya ƙi ci, sai ya ce ai dodon ya zagi birin ya ce zai feɗe shi. Nan take birin ya ɗauki sanda. Wannan ƙaryar tasa kam ta ci, kuma ita ta ceci tafiyar.

To mugu ne ko na kirki?

Bai kamata dariya ta rufe mana ido ba. Ya ci mutane, ya kulle matarsa, kuma abin da ya yi wa aljanun gizo-gizo bakwai a wurin wanka a babi na 72, inda ya zama tarwaɗa yana kutsawa tsakaninsu, cin zarafi ne. Marubucin bai wanke shi ba, kusan kowane kwaɗayi nasa da wahala yake ƙarewa. Amma ba shi da riƙo, ba shi da girman kai, laifinsa kuma a fili yake kamar tumbinsa. Malam waliyyi ne da ba a iya kamowa, birin jarumi ne da ba a iya kwaikwaya. Bajie kaɗai ne ke jin yunwa da gajiya da kewar gida irin yadda mai karatu ke ji, shi ya sa Sinawa da yawa ke ƙaunarsa duk da sun san halinsa.

Akwai wata ma'ana ta ɓoye a tare da shi?

Akwai. Masu sharhi tun da can suna karanta tawagar a matsayin mutum guda: birin shi ne hankali mai tsalle-tsalle, doki shi ne niyya, Bajie kuma sha'awar jiki. Kanun babi-babi sukan kira shi Uwar Itace, domin a tsarin sinadarai biyar na Sinawa shi itace ne, birin ƙarfe, Sha ƙasa. Ƙarfe ke sare itace, ƙasa kuma ke sulhu, daidai da zaman da aka bayyana a amsar da ke kan shi da birin.

Me ya sa aka zaɓi alade, dabbar da mu muke ƙyama?

Tambaya ce da Musulmi mai karatu zai yi, kuma tana bisa hanya. A wajen manomin ƙabilar Han, wadda ta fi yawa a Sin, alade dabbar gida ce kamar yadda akuya take a wajenmu. Harafin Sinanci da ke nufin gida hoton alade ne a ƙarƙashin rufi. Shi ne na ƙarshe a jerin dabbobi 12 na kalandarsu, 2019 shekararsa ce, sai kuma 2031. Yana nuna wadata, yana kuma nuna haɗama da ƙazanta, kuma duka biyun suna jikin Bajie. Sunan gidan sarautar Ming ma Zhu ake furta shi, kodayake harafin daban ne, har sarki Zhengde ya taɓa hana kiwon aladu na ɗan lokaci a 1519. Musulmin Sin, irin su Hui da Uygur, ba sa cin naman, kamar kowane Musulmi.

Yana kama da wani a tatsuniyoyinmu?

Wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo da Kura zai gane zaman nan da nan: mai wayo na gaba yana shirya tarko, mai haɗama na faɗawa. Bambancin shi ne Kura takan ƙare da shan duka a kore ta daji, Bajie kuwa ana shan dariyarsa amma ba a taɓa cire shi daga tawaga ba.

Gaskiya ne ya shiga karin maganar Sinawa?

Ƙwarai. In mutum ya sami abu mai daraja bai san darajarsa ba, sai su ce Bajie ya ci 'ya'yan renshen. Asalinsa babi na 24 ne, inda ya zuga birin ya sato 'ya'yan wata bishiya da ke ɗaukar shekara 9,000 kafin su nuna, ya haɗiye nasa ɗungurungum, sannan ya juya yana tambayar 'yan'uwansa yadda ɗanɗanon yake. In mutum ya shiga sulhu ɓangarorin biyu suka dawo kansa, sai a ce Bajie ya duba madubi, ciki da waje babu mutum. Mai laifin da ya juya ya ɗora wa wanda ya kama shi kuwa, abin da mu muke kira borin kunya, su sukan ce ya juyo da manjagara.

Yaya ya ƙare?

A babi na 100 aka yi rabon muƙamai. Malam da birin suka zama Buddha, Sha ya sami darajar waliyyi mai jikin zinariya. Da aka zo kan Bajie, Buddha ya faɗa masa a fili cewa taurin kai da sha'awa ba su gama barinsa ba, amma saboda ɗaukar kaya da ya yi an naɗa shi Mai Share Wuraren Hadaya. Bajie ya ɗaga murya ya ce don me kowa ya zama Buddha ban da shi. Aka ce masa ai duk abincin da masu ibada suka ajiye a sassan duniya huɗu shi zai kwashe, wane muƙami ya fi wannan dacewa da cikinsa? A lura da dalilin ladan: kayan nan ne da ya yi ta mita a kansu, waɗanda aka yi bayani a amsar ragwanci.

Wanda nake gani a fim daidai yake da na littafi? Daga ina zan fara karatu?

Da ɗan bambanci. Na littafi baƙi ne mai gashin ƙeya tsaitsaye, mutane na ganinsa su watse, har malam kan ce ya cusa bakinsa a riga in za su shiga gari. Shirin talabijin na ƙasar Sin na 1986, wanda Yang Jie ta ba da umarni, Ma Dehua kuma ya fito a Bajie, shi ya yaɗa siffarsa mai haske da fara'a, ya kuma mayar da ɗaukar kaya wuyan Sha Wujing. A Japan ana kiransa Cho Hakkai.

Ga mai jin Turanci, fassarar Arthur Waley ta 1942 gajera ce, babi 30 kawai ta ɗauko, kuma ita ta sa masa suna Pigsy. Ta Anthony C. Yu, wadda ta fito a juzu'i huɗu daga 1977 zuwa 1983, cikakkiya ce har da waƙoƙin. Babi bakwai na farko duk na birin ne, don haka mai neman Bajie ya karanta na 8, ya tsallaka zuwa 18 da 19, sannan 23, 24 da 27 zuwa 32.